Aron Ido a Iskandariyya

Ranar da na sauka Alƙahira babu wanda ya zo tarbata. Ejan ɗin da ya shirya mini tafiyar daga Kano ya rantse cewa mutuminsa zai tsaya a bakin ƙofa riƙe da kwali mai ɗauke da sunana. Na bi kwalayen nan ɗaya bayan ɗaya ina karantawa. Na ga sunayen Turawa, na ga na mutanen Sin, ban ga Nazifi ba. Na kira lambar da ya ba ni, wata muryar mace ta ce mini cikin Larabci mai daɗi wai layin ba ya aiki. Na sake kira, don kawai in ji an yi mini magana.

Ni ɗan wani ƙauye ne a gabashin Minjibir. Kakana daga Barno ya zo da alƙalumansa na kara, ya kafa makarantar allo, mahaifina ya gaje shi, yana karantarwa yana kuma noma. Ni abin da na gada shi ne zayyana. Tun ina ƙarami, duk wanda zai yi saukar Alƙur'ani a yankinmu allonsa a hannuna yake kwana, in ƙawata shi da ja da kore da ruwan ɗorawa. Shi ya sa da aka ce akwai kwalejin koyon zane a Masar da ke neman irina, Baba ya sayar da ɗaya daga cikin shanun huɗarsa bai yi shawara da kowa ba.

Na nemi kwalejin har na same ta. Tana nan kuwa, da dogayen ginshiƙanta da bishiyoyinta, ɗalibai na shiga suna fita da manyan takardu a naɗe a hammata. Wani ma'aikaci mai furfura ya saurare ni har na gama, sannan ya ce ba su san ejan ɗin ba, kuma ba ni ne na farko da ya turo musu haka ba. Ya sa aka kawo mini shayi. Shayin nan shi ne kaɗai abin da na samu a kwalejin.

Wasu ɗalibai 'yan Kano suka ba ni kusurwa a ɗakinsu, a wata unguwa can gefen birni inda baƙi irinmu suka fi yawa. Na shiga dako a kasuwa, ina bin Hajiyoyin garinmu masu zuwa sarin abaya, ina ɗaukar musu ƙunshi. Larabcin da na iya na littafi ne, wanda na koya a gaban Baba. In na tambayi mai dafaffen wake ya zuba mini, sai ya ɗaga hannu sama ya ce, "Sadaƙallahul azim!" mutane su fashe da dariya. Da farko abin yana ƙona mini rai, daga baya na koma yin dariyar tare da su, don wani lokacin yakan ƙara mini gurasa.

Abin da ya fi wahalar da ni ba nauyin kaya ba ne. Ina cikin tafiya a cunkoso da ƙunshi a ka, sai in ji ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya taɓa. In tsaya cak in waiwaya. Ba komai ba ne, wani mai shago ne ke yayyafa ruwa a ƙofar shagonsa. A garin da sai a shafe watanni ba a ga hadari ba, ni kullum sai na ɗaga kai na duba gabas.

Na daɗe kafin in iya gaya wa Baba gaskiya ta waya. Ina jin kukan zabi a bayansa.

"Kana sallah a kan lokaci?" ya ce.

"Ina yi, Baba."

"To, in ka gaji ka dawo, gida bai ƙaura ba. In kuwa ba ka gaji ba, tsaya ka ga abin da Allah ya kai ka gani."

Na tsaya. Bayan wani lokaci na samu aiki wurin wani kafinta mai yin firam, wato katakon da ake zagaye hoto da shi. Ina goge masa katako, ina shafa ruwan zinare. Wata rana ya ɗaure firam-firam masu yawa, ya sayo mini tikitin jirgin ƙasa na zuwa kawai, ya ce in kai su Iskandariyya, matar da zan kai wa ita za ta biya ni ladan duk watannin da na yi masa.

A cikin jirgin nan na fara ganin kore tun barina gida. Gonaki shimfiɗe har iyakar gani, balbela na bin bayan shanu, mata na wanki a bakin magudanar ruwa. Na manna goshina a gilashi. Wata baƙauyiya da ke zaune kusa da ni ta kalle ni, ta kwance ɗaurinta, ta miƙo mini dafaffen ƙwai da gishiri a ƙullin takarda. Da ta zo sauka sai ta dafa kaina, kamar yadda Inna take yi in zan fita.

Ban taɓa ganin teku ba sai a ranar. Na fito daga wani lungu da kaya a kafaɗa, kawai sai gari ya ƙare, ruwa ya fara. Na daɗe a tsaye ina neman ɗaya gaɓar ban gan ta ba.

Inda zan kai kayan gidan nunin zane-zane ne, yana hawa na biyu na wani tsohon bene mai kallon ruwan. Ɗakuna ne masu dogon rufi, bangonsu fari, zane-zane rataye ko'ina. A tsakiya wata tsohuwa ce zaune a kujerar kaba, 'yar siririya, da baƙin tabarau. Ita ce Madam Nadiya, mai gidan. Daga baya na ji cewa ta fi shekara arba'in tana rubuta sharhi kan zane-zane a wata jarida, kuma akwai masu zanen da ba sa iya cin abinci ranar da rubutunta zai fito.

Da na yi mata maganar ladana sai ta ce ta riga ta biya kafinta komai tun kafin ya fara aikin. Na kira shi, ya kashe waya. Na zauna a kan matakala.

Can sai na ji muryarta. "Kai mai Larabcin limamai, zo nan. Zanen da ke bangon dama, wane launi ne samansa?"

Na ce shuɗi ne.

"Shuɗi na da 'ya'ya da jikoki. Wanne daga ciki?"

Na matsa kusa na duba da kyau. Na ce irin shuɗin zanen rini ne wanda ya sha wanki har ya fara sakin jiki, sai dai ta ƙasa-ƙasa ya ɗan yi ruwan toka, kamar an shafa shi da hannu mai gari.

Ta juyo da fuskarta wajena, amma ba daidai inda nake tsaye ba. A nan na gane ba ta gani.

Ta ba ni wani ɗan ɗaki a bayan gidan, inda ake ajiye tsofaffin firam. A idon mutane ni mai share-share ne kuma mai riƙe mata jaka. A tsakaninmu kuwa ni ne idonta. Ganinta ya daɗe yana dusashewa, sai haske da inuwa kawai take bambancewa, kuma ba ta bari duniya ta sani ba. Duk inda aka buɗe sabon nuni sai mu je, tana riƙe da hannun rigata kamar mai ciwon gwiwa. Mu tsaya gaban zane, ta ɗaga kai kamar tana nazari, ni kuma ina raɗa mata abin da ke ciki. Masu zane su tsaya nesa suna leƙen fuskarta. In mun dawo ta faɗa, ni in rubuta.

Koyarwarta babu sassauci. Ranar da na ce wani zane yana da kyau, ta buga sandarta a ƙasa.

"Kyau ba bayani ba ne, ɗana. In ka ce mini yana da kyau, ka bar ni a duhu ka tafi. Ta ina haske ya shigo? Mai zanen ya yi sauri ko ya yi nawa? Ina ya ji tsoro ya sake shafawa?"

Ni da na san zayyana kawai, sai ga shi ina gane inda hannun mutum ya yi rawa. Ta koya mini in tsaya gaban zane ɗaya har ƙafata ta yi sanyi kafin in buɗe baki. Ita kuma takan sa in ba ta labarin allunan da na ƙawata, ta tambaye ni da me muke haɗa tawada, me ya sa ba ma barin tsakiyar allo fanko. Ba wanda ya taɓa tambayata dalilin abin da hannuna ke yi.

Abu ɗaya ya dame ni, yawancin zane-zanen na mutane ne, da fuskoki da idanu. Na kira Baba na gaya masa damuwata.

"Kai kake zana su?" ya ce.

"A'a, Baba. Kallo nake, ina gaya wa wata tsohuwa da ba ta gani."

"To, ni dai ban taɓa jin an kama jagoran makaho da laifi ba."

Haka muka ci sanyi muka shiga zafi. A titi yara kan bi ni suna kiran launin fatata, wani lokaci har da jifa da ɓawon lemo. In na hau bene na rufe ƙofa sai duk wannan ya zama kamar a wata duniya aka yi shi. Iskar teku na kaɗa labule, hasken ruwa na rawa a rufin ɗaki, tsohuwa na gyangyaɗi a kujerarta, mutanen cikin zane-zane na kallona ba sa cewa komai. Wasu ranakun nakan rasa ko ni ne nake mafarkinsu ko su ne suke nawa.

Wata rana cikin watan Agusta aka kawo wani babban zane na wani saurayi da ba a san shi ba. A gida lokacin marka ne. Da safen nan Inna ta gaya mini ta waya cewa ruwa ya ƙi ɗaukewa, har katangar bayan gida ta zube. Na jingina zanen a bango, Madam ta ce in fara.

Kore ne kusan gaba ɗayansa. Na ce mata kore ne mai duhu daga ƙasa, yana yin haske yana hawa sama. Na ce akwai wani siririn layi mai ruwan ƙasa da ya ratsa ta tsakiya. Daga nan ban san lokacin da bakina ya kuɓuce mini ba. Na ce layin nan burtali ne, hanyar shanu, kuma yanzu aka ɗauke ruwa don ga sawun kofato cike da ruwa. Gero ya fi mutum tsayi ta kowane gefe, ya fitar da kai, iska na kaɗa shi yana sunkuyawa yana tashi. Ga gawo can tsaye babu ganye, shi kaɗai ya ƙi yarda damina ta yi. Ga hayaƙi na tashi daga bayan rumbuna. Wata mace ta fito da ƙwarya a ka, ta tattare zanenta saboda laka, ta tsaya tana duban hanya kamar mai jiran wani.

Fuskata duk ta jiƙe.

Madam ta gyara zama. Sannan a hankali ta ce, "Wace irin bishiya ce ke zubar da ganye lokacin ruwa?"

"Gawo, Madam."

"Babu ita a zanen nan."

"Babu."

"Matar ma babu."

"Babu, Madam. Kore ne kawai da layi ɗaya."

Na ɗauka faɗa za ta yi. Sai ta ce, "Yaron nan ya shafa kore a ƙyalle, ya kai ka har ƙofar gidanku ba tare da ya san garinku ba. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma ya kamata a gaya masa. Amma ba ni zan gaya masa ba, don ba ni aka kai ba. Zauna ka rubuta. Ka fara da abin da ke jikin ƙyallen, kada ka ƙara ko ɗigo. In ka gama sai ka faɗi inda ya kai ka, kuma ka bar mai karatu ya san a ina ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara."

Na rubuta, ta sa na karanta mata, ta yanke rabi, na sake. Na zaci a ƙarƙashin sunanta zai fita kamar kullum. Ranar da jaridar ta fito na sayo na buɗe a kan matakala, sai na ga sunana. A samansa kuma akwai 'yan layuka nata, waɗanda ta faɗa wa editan ta waya ban sani ba. Ta gaya wa masu karatunta cewa ta daɗe ba ta gani, cewa duk sharhin da suka karanta a 'yan shekarun nan da idon wasu ta yi shi, na baya-bayan nan kuma da idon wani saurayi daga Kano, kuma lokaci ya yi da za su ji shi da bakinsa.

Na hau da gudu. "Madam, me ya sa? Za su karɓe miki shafin!"

"Za su karɓe," ta ce. "Na gaji da aron ido ba na faɗin mai shi."

Sun karɓe kuwa. Wasu masu zanen da ta taɓa yi wa kaca-kaca suka samu abin faɗa. Wasu suka zo da furanni suka zauna shiru. Saurayin mai koren zane ya zo ya rungume ni, ya tambaye ni yadda ake furta sunan bishiyar. Wannan shi ne rubutuna na farko. Duk waɗanda suka biyo baya daga shi suka fito, har da gidan nunin da nake shugabanta yanzu a Bacirawa, inda nake rataye allunan zayyana kusa da zanen fenti, manoma na shigowa ranar kasuwa suna gardama a kansu.

Amma abin da ya biyo bayan jaridar ya fi rasa shafi ciwo. Madam na da ɗan ƙane mai suna Tariƙ, wanda ke da rabo a benen, ya kuma daɗe yana son a sayar. Yanzu ya samu hujja, ya ce makauniya ba za ta iya riƙe gida ita kaɗai ba. Dangi suka goyi bayansa, aka yanke za ta koma wurin 'yar uwarta a wani gari. Ni kuma ya kira ni gefe, cikin ladabi ƙwarai, ya tuna mini cewa izinin zamana ya daɗe da ƙarewa, kuma shi ba ya son ya ga an wulaƙanta ni. Na fahimci abin da yake nufi. Madam ta sayar da wani ƙaramin zane da ta fi so, ta sa aka daidaita mini takarduna, aka yanki tikitin Kano.

Ni na sauke zane-zanen da hannuna, masu su suka zo suka kwashe. Kowanne ya bar gurbinsa a bango, wuri mai ɗan haske fiye da sauran.

Ranar tafiyata da hantsi na same ta zaune a kujerarta a tsakiyar ɗakin da babu komai. An buɗe tagogi duka, ƙarar teku ta cika wurin. Na durƙusa na gaishe ta, na ce na zo sallama.

"Saura zane ɗaya," ta ce.

Na duba bango. "An kwashe duka, Madam."

Ta sa hannu ta cire tabarau, ta nuna fuskarta. "Wannan. Na manta rabon da in gan shi. Kowa sai ya ce mini ban canza ba, na kuma san ƙarya suke yi."

A gidanmu ba a ƙura wa babba ido. Duk zaman da muka yi, hannunta na sani, da sandarta, da takalmanta. Na ɗago kai da ƙyar.

Na ce gashinta fari ne sol, ya yi ƙaranci ta gefen hagu har ana ganin fatar kai. Na ce goshinta na da layuka masu zurfi, na tsakiyar ya karkace kamar an fara shi aka fasa. Girarta ta dama ta fi ta hagu tsayi. Idanunta ruwan zuma ne, amma wani farin gajimare ya kwanta a tsakiyarsu. Jan-bakin da ta shafa ya ɗan zarce leɓe ta gefe ɗaya.

Ta yi dariya ta goge da yatsa. "Kullum haka nake fita, ba ka taɓa gaya mini ba?"

"Ban taɓa dubawa ba, Madam."

"Ci gaba. Na tsufa?"

"Kin tsufa."

"Madalla. Sai me?"

Na ce akwai abu ɗaya kuma. In tana sauraro, gefen bakinta na hagu yakan sauka ƙasa kaɗan, haɓarta ta matso gaba, kamar mai ɗanɗana miya tana tunanin abin da ya rage a sa.

Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta ɗaga hannu a hankali ta taɓa gefen bakin, ta bar yatsunta a wurin.

"Haka mahaifiyata take yi," ta ce. "Ina yarinya nakan tsaya a ƙofar kicin ina kallonta." Yatsunta na bin haɓarta. "Ashe tana nan tare da ni duk shekarun nan, ba wanda ya gaya mini."

Ta mayar da tabaranta, ta lalubo kaina ta dafa.

"Tashi, ɗana, kada jirgi ya bar ka. In ka isa ka gaishe mini da matar nan mai ƙwarya. Ka ce mata ta daina duban hanya."

Na ɗauki jakata. Da na kai bakin matakala na waiwaya. Tana zaune inda na bar ta, ta juya fuska wajen taga, hannunta ɗaya a kan kumatunta.